Daga Jidda, Kafin Ranar Suna

Sansanin Alhazai, Jidda,
Farkon watan Zulƙida.

Zuwa ga Luba matata, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farkon damina da ya sauka a kan busasshiyar zuciyata. Amincin Allah ya tabbata a gare ki, ya cika ɗan ɗakinmu na bayan gidan Kawu Garba a Nasarawa, ya raka ki har Tudun Wada ranar da Gwaggo mariƙiyarki za ta zo ta tafi da ke.

Na sauka lafiya. Da wannan na fara domin na san shi za ki fara nema ko da kina fushi da ni. Kuma kina fushi, ba sai kin faɗa ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa da fuskarki na taho, ita nake gani a kan ruwan tekun nan duk lokacin da na ɗaga ido.

An kawo mu 'yan agaji da wuri ne don a horar da mu kafin alhazai su yi yawa. Da safe mu yi fareti, da hantsi mu koyi gudu da gadon ɗaukar marasa lafiya cikin cunkoso ba tare da mun kifar da mutum ba, da yamma a ɗora mana Larabcin titi. Ashe Larabcin da na yi ta alfahari da shi a zaure ba ya saya mini ko ruwan sha! Iskar garin nauyi gare ta, gishiri da danshi, riga ba ta bushewa a jiki. Jiragen gida sun fara sauka. Bana arzikin fetur ya ɗebo mutanen da ko jirgin ƙasa ba su taɓa shiga ba, tsofaffi daga ƙauye, kowa da butarsa a hannu yana waige-waige. Duk wanda na kama wa hannu sai in ga Babana, da ya bi hanyar Sudan a mota tun ina goye, bai dawo ba, har yau ba mu san inda kabarinsa yake ba. Kin san saboda shi na ba da sunana a aikin nan, tun kafin mu san abin da Allah ya nufe mu da shi. Amma sanin dalili bai rage miki nauyi ba, wannan ma na sani.

Kin tuna la'asar ɗin jajibirin tafiyata? Kina goge mini kakin agaji a gindin mangwaro, motocin baƙin Kawu suna shiga suna fita ta gaban gida, mu kuma muna baya kamar duniya ta manta da mu. Kika miƙe kika dafe ƙugu, kika tsaya cak, hannunki ya kai ga cikinki. Na gani. Kin san na gani. Me na yi? Na tambaye ki ko gawayin dutsen guga ya isa! Ke kuma kika ce ya isa. Wata nawa muna zaune ɗaki ɗaya, bakinmu bai taɓa furta abin da duk wanda ya gan ki ya sani ba. Kunyar ɗan fari ta rufe mana baki, muka ɗauka ado ne, har na fita daga gida ban ce miki Allah ya sauke ki lafiya ba.

Jiya likitan da ke horar da mu, Likita Zubairu, wani dattijon Bakano da ya daɗe a wannan aiki, ya shigo da 'yar tsana naɗe cikin tawul. Ya ce babu shekarar da naƙuda ba ta kama wata mahajjaciya a hanya, inda babu ungozoma sai ɗan agaji. Maza suka yi ta dariya suna sunkuyar da kai. Ya bari muka gama, sannan ya shiga yi mana bayanin naƙudar da ta daɗe, da jinin da ba ya tsayawa, da kumburin ƙafa da ciwon kai da mace za ta raina. Ya ce yawancin waɗanda ya rasa 'yan haihuwar fari ne, kuma ba ciwon ne kaɗai ya tafi da su ba, shirun ne: yarinya za ta cije baki a ƙuryar ɗaki tun safe, kada a ce ba ta da kunya, sai an zo an tarar ƙarfinta ya ƙare. Aka bi layi ana miƙa mana 'yar tsanar. Da ta zo hannuna, Luba, ni da na wuni ina ɗaukar ƙato a gado, saura kaɗan in sake ta.

Domin ke na gani. Wa ya kai ki dauriya? Ke da ruwan zafi ya zube miki a ƙafa kika ci gaba da tuƙa tuwo don Kawu na da baƙi? Ke da Gwaggo take yabo a gaban mata, tana cewa 'yata ko za a yanka ta ba a jin muryarta? Wannan yabon da a da yake faranta mini rai, yau tsoro yake ba ni. Kuma ban manta abin da kika taɓa gaya mini sau ɗaya ba, cewa haka mahaifiyarki ta tafi wajen haihuwar ƙaninki, ana tsakar gida ana hira, babu wanda ya ji motsinta.

To ga ni na cire tawa kunyar, na rubuta da hannuna: kina ɗauke da cikina, ina son abin da ke cikinki, kuma ina son ki fiye da shi. Ina roƙon ki, don Allah don Annabi, ki cire taki. Ranar da kika ji ciwo ya fara, ki faɗa. Ki kira Gwaggo da ƙarfi, maƙwabta su ji. Idan abin ya ja, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A aika Nasarawa, na rubuta wa Kawu cewa Ya'u direba da mota su zauna cikin shiri su kai ki asibiti. A ce matar Falalu raguwa ce, ta yi ihu a haihuwar fari. A faɗa, na yarda, ni zan ɗauki gorin har ƙarshen rayuwata ina murna. Ina amfanin yabon da za a yi wa mace bayan an ɗauke ta?

Ba zan samu ranar suna ba, hasken raina. Ba a sallamar mu sai alhajin ƙarshe ya hau jirgi, wata ƙila sai an ga watan Muharram. Wani ne zai yi huɗuba a kunnen da na so muryata ta fara shiga, wani ne zai tsaya a kan ragon. Wannan yana ci mini rai ƙwarai. Idan namiji ne, Kawu ba ya bukatar a gaya masa, sunan Babana zai sa. Idan mace ce, dangi za su so a mai da sunan Innata kamar yadda aka saba, amma na nemi izininta kafin in taho, ta kuwa sa albarka: sunan mahaifiyarki za a sa. Ba zan rubuta shi ba, wannan kunyar ta suruka ina nan da ita. Za mu riƙa kiran ta Ummi. Na san a gaban mutane za ki kau da kai kamar ba ke kika haife ta ba, amma idan ɗaki ya rage daga ke sai ita, za ki buɗe baki ki ce Ummi, abin da rabonki da faɗa tun kina ƙarama.

Sai kina raye za ki faɗe shi, Luba. Ki yi ihu.

Naki ni kaɗai, a wannan gaɓar teku da waccan, har ranar da za a naɗe ni a likkafani,

Falalu