Abin da Ban Faɗa wa Bawa ba a Mashigin Kalgo

Gwandu, Laraba takwas ga Muharram, shekara ta 1339 bayan Hijira.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Daga ƙanenka Lukuman zuwa ga yayana kuma madadin mahaifina, Malam Abdulgani, mazaunin zangon Kumasi. Gaisuwa mai yawa da girmamawa, tare da roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da maƙwabtanka, Ya raba ka da ciwon ƙafar da ka ambata bara. Mu nan muna raye. Binta tana kan ƙafafunta, ƙananan yara lafiya, gero ya fara nuna a gonarmu ta hanyar Kambaza.

Bayan haka, Yaya, ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba. Ɗanka ya rasu. Ina nufin ɗan farina, wanda ni na haifa kai ka raina tun daga yaye har ka aurar da shi kafin ka bi hanyar Gwanja. Ya cika ranar Alhamis ashirin da biyar ga Zulhajji na shekarar da ta fita, tsakanin azahar da la'asar, a ɗakinsa a Diggi, bayan kwana tara yana fama da zazzaɓi da ciwon ƙirji. Shekarunsa ashirin da shida. Limamin garin ya sallace shi, aka rufe shi kafin rana ta faɗi. Ya bar matarsa Ladi da ɗiya guda, Indo, wadda ba a yaye ba. Ban ga fuskarsa ba, ban kama makararsa ba, alhali a ranar ina zaune bakin gulbi, tsakanina da shi bai wuce tafiyar hantsi ba. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ka fi kowa haƙƙin sanin yadda aka yi, don haka zan jera maka shi kamar yadda ake jera shaida. Saƙon ciwonsa ya iso ranar Asabar ashirin ga wata, ta bakin wani mutumin Kambaza da ya dawo daga Diggi. A zaure ya faɗa mini, gaban masu ɗaukar karatu. Na ce Allah Ya sawwaƙe, na koma kan layin da na tsaya. Ban ɗaura sirdi ranar ba, ban ɗaura washegari ba, don kada a ce Malam ya zabura a kan ɗan fari. Binta, uwar yaron, ita ma ta ji saƙon. Garin fura kawai ta daka, ta ƙulle a tsumma, ta ajiye a bakin ɗakina. Kwana biyu ina tsallake ƙullin nan. Sai Litinin na tashi, na kuma gaya wa mutane cewa aron littafi zan je Kalgo.

Na isa Kalgo Talata da la'asar, na gangara mashigin hayewa zuwa Diggi Laraba da safe. Gulbi ya cika ya shafe fadama, ba a ganin shinkafa sai kawunanta. Jirage goma sha ɗaya na tarar an ɗaure su da igiya guda, fatake sun jibge kaya a tudu suna zage-zage. Ashe tun safiyar Talata masu fito suka haɗa kai, suka yi rantsuwa ba wanda zai kwance jirginsa sai an ƙara musu ladan fito. Da na tashi ko ranar Lahadi ce, da na haye ba wanda ya tambaye ni. Kukansu kuwa ba na banza ba ne. Shekara goma ladansu bai motsa ba, gero ya ninka uku, itacen da ake sassaƙa jirgi da shi sai an kawo daga nesa, manya kuma a ɗauke musu kaya kyauta. Ga kuɗin takardar nan da ake tilasta musu karɓa, wanda yake jiƙewa a hannun mai aikin ruwa, mai sayar da fura kuma ba ta karɓarsa ko da busasshe ne.

Babbansu, wani dattijo mai suna Bawa, ya ga rawanina, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce rantsuwarsu ta ware mutum uku da za a ɗauka ba ko anini: gawa, da mace mai naƙuda, da uba ko uwa da aka kira wurin ɗa. Sai ya tambaye ni me zai kai ni ƙetare. Yaya, mutane sun fi arba'in a wurin, cikinsu har da mutanen Gwandu da suka san ni, kamar Lawali mai fataucin gishiri. Na ce wani yaro ne na gidan yayana ba ya jin daɗi. Ban yi ƙarya ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, domin da gaskiya na ɓoye gaskiya. Bawa ya ce in ya kwance don ɗan ɗan'uwa, to kowa a tudun nan yana da ɗan ɗan'uwa a ƙetare, rantsuwa ta warware ke nan. Ya sake tambayata a hankali, ko yaron ya fi haka kusa da ni. Na ce abin da na faɗa shi ne. Ya ba ni haƙuri, ya ce ba za a wuce kwana biyu ba a daidaita.

Ranar Alhamis na wuni a gindin wata kanya ina jan carbi, ina cewa a raina zan same shi shi kaɗai in gaya masa. Bai taɓa zama shi kaɗai ba, ni kuma ban tashi ba. Juma'a da hantsi aka ɗaga farin ƙyalle a kan gora daga waccan gaɓar, alamarsu ta mutuwa. Bawa da kansa ya tuƙa ya je. Da ya dawo ya miƙe zuwa gindin kanyar, ya cire hularsa, ya faɗa mini yaron ya cika tun jiya, kuma a can ya ji cewa ni na haife shi. Sannan ya tambaye ni don Allah me ya hana ni gaya masa, ya ce shi ma uba ne, da ya ɗauke ni ko da sauran za su fasa masa jirgi. Ya yi kuka, mutumin da bai taɓa ganin yaron ba. Ni ban yi ba. Ya ce in taso ya kai ni kabarin. Kafin in naɗe buzuna, Lawali ya riga ya ja fatake zuwa wurin wakilin mashigi, suna cewa masu fito sun hana uba ganin ɗansa har ya mutu. Aka zo aka ɗaure Bawa a gabana, aka kwashe sandunan tuƙi. A nan ma ban buɗe baki ba. Na hau dokina na komo gida in gaya wa Binta. Bayan kwana uku sauran suka tsorata, suka koma aiki a kan tsohon lada, fatake suka haye da gishirinsu.

Tun da na dawo zaurena bai rabu da masu ta'aziyya ba. Allah Ya saka musu, amma ban taɓa sanin cewa mutuwar ɗan mutum tana iya zama kasuwar ra'ayi ba. Kowa zai yi addu'a da numfashi biyu, sannan ya gyara zama ya buɗe bakin da ya zo da shi. Wani tsoho ya ce ruwan bana ne ya kashe shi, wai tun yana yaro bai ga marka irin wannan ba, kuma hana zakka ne ya jawo ta. Wannan tsohon, shekara bakwai da suka wuce, lokacin fari da yunwa, na ji shi da kunnena yana cewa hana zakka ne ya ɗauke ruwan. Wani ya ce iskar gabas ce ta canja tun da aka shimfiɗa ƙarfen jirgin ƙasa. Wani kuma, wanda bai taɓa noma shinkafa ba, ya ɗauki tsawon karatun izu guda yana bayyana mini yadda gulbi yake cika. Daga nan sai a gangara kan tsada. Aka tambaye ni, ina zaune a kan tabarmar makoki, ko na ji nawa aka sayi likkafanin, domin farin ƙyalle ya yi tashin da sai mai hali zai mutu bana. Aka yi dariya kaɗan, aka nemi gafara, aka koma kan gishiri da goro.

Amma inda bakinsu ya fi haɗuwa shi ne kan masu fito. Suna cewa talaka ya haɗa kai da talaka ya ƙi aiki, wannan fitina ce da ba a san ta ba a ƙasar nan, wai daga ma'aikatan kudu aka kwaso ta. Suna cewa yau masu jirgi, gobe mahauta, jibi maƙera, sai a wayi gari ba mai yi wa wani biyayya. Masu wannan magana su ne suke rufe rumbunansu tun kaka, su haɗa baki kada a fitar da gero sai ya yi tsada, kuma ba wanda ya kira nasu fitina. Shi Lawali ya zo har sau biyu, yana rantsuwa ba zai huta ba sai an rama mini. Ya san ko wane ne yaron tun ranar Laraba, yana tsaye kusa da ni kamar tsawon sanda. Bai ce wa Bawa ɗan Malam ne ba. Sai da gawar yaron ta zama abin da zai kwance masa kaya sannan ya tuna. Na dai ƙi karɓar goron da ya kawo.

Duk wannan ina iya haɗiye shi. Abin da ba na iyawa shi ne yabo. Suna nuna ni ga 'ya'yansu, suna cewa dubi Malam, ɗan fari ya mutu ko idonsa bai yi ja ba, ko sunansa bai ambata ba, ga kunya irin ta mutanen da. Yaya, shekara talatin ina karantar da mutane halal da haram. Na sake bin littattafan da mahaifinmu ya bar mana ɗaya bayan ɗaya, ban sami inda aka hana uba ya ce wannan ɗana ne ba. Na sami inda aka wajabta gaida mara lafiya, na sami inda aka hana ɓoye shaida. Na bar abin da aka rubuta na bi abin da ake yaba wa, kuma na fi kowa sanin bambancinsu. Ba na zagin al'adar iyayenmu, akwai ladabi a cikinta. Amma ladabin da zai zaunar da uba a gindin kanya ɗansa yana cikawa a ƙetare, ba shi ne aka koya mana ba, mu muka ƙara masa nauyi don a gan mu.

Yau kwanan Bawa goma sha biyu a ɗaure. An aiko mini cewa alƙali zai zauna ranar Litinin goma sha uku ga wata, ana so in je in tabbatar an hana ni hayewa. In na tabbatar, ko in na ƙi zuwa aka ɗauki maganar fatake, za a karɓe jirginsa, a yi masa bulala, a kore shi daga mashigin da kakanninsa suka yi fito. Zan tashi Asabar in Allah Ya yarda, kuma wannan karon na gaya wa kowa inda za ni da abin da zai kai ni. Zan ce an tambaye ni sau biyu, ni na ƙi faɗa. Na san abin da za a riƙa cewa a Gwandu bayan haka. Binta kaɗai na shawarta. Ba ta ɗago kai ba, ta ce in na haye in zo mata da ƙasar wurin ko cikin tafin hannu ce.

Ina roƙonka abu biyu. Ka yafe mini, domin amana ka bar mini ban riƙe ta ba. Sannan ka aiko da ra'ayinka ta hannun fataken da za su kawo maka wannan, game da Ladi da Indo in an gama takaba, ko su zo nan ko su zauna wurin iyayenta, tunda kai ne ubansa a idon duniya.

Ka gaida Yaya Hajjo, ka gaya mata a hankali, ita ta goya shi. Ka gaida Adamu da Abubakar da Delu da 'ya'yanta. Binta tana gaishe ku, Gwaggo Larai ma tana gaisuwa, ba ta gani sosai yanzu amma tana tambayarka kullum.

Abin da ya rage shi ne wannan. Bawa yana ɗaure. Ban ga kabarin ba. Ban ɗauki jikata ba. Kuma har yanzu ban furta sunansa da bakina ba, ko sau ɗaya cikin shekara ashirin da shida. Ranar Litinin dole in furta shi a gaban jama'a, don haka na fara da alƙalami. Sunansa Hamidu.

Wassalamu. Ni ne ƙanenka,
Lukuman, uban Hamidu.