Zuwa Ga Ɗan Farina, Daga Ubansa Mai Batir a Ƙirji

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lahiya, kai da iyalinka da keken haya mai ƙafa uku da kake ja a Birnin Kebbi. In ka tambayi tawa lahiyar, ina nan Argungu, caji bai ƙare ba tukuna.

Na rubuto maka nan shafin intanet inda jama'a ke karantawa saboda na lura wayarka ba ta gane lambata, amma nan kake yini. Masu karatu ku yi haƙuri da rubutuna, ni da furamare rabuwar arziki muka yi tun ana tsakiyar tahiya.

Raina a ɓace yake, kuma likita ya hana ni ɓacin rai. Ka ga laifinka ya zama biyu.

Ka san abin da aka dasa mani ƙarƙashin fata, sama da nonon hagu, tun faɗuwar da na yi a fadama. In zuciyata ta rikice da gudu, shi ke ba ta wuta ta dawo hanya. Ba daɗi. Kamar jaki ya ja da baya ya auna ƙirjinka. An hana ni sa waya a aljihun gaba, ni da aka sani aljihuna na gaba shi ne ofishina. An hana ni duƙawa kan injin ban-ruwa in yana aiki, sai in tsaya nesa ina ba da umarni kamar wani darakta. Ranar da ya buge ni a masallaci, wanda ke kafaɗa da ni ya ji ɗan tsam. Tun daga ranan sahu ke mani fili, ina salla kamar mai gona a tsakiyar jam'i. Duk wannan na mai da shi abin dariya, na ma riga kowa darawa.

Wanda ban iya darawa ba shi ne naka.

Da na zo Birnin Kebbi a duba na'urar, na biya ta tasharku, ba ka nan. Maman Ngozi, mai shagon da kuke shan inuwa, ita ta tare ni da Hausarta garau tana mani jaje. Ta ce kwanan baya ka sulale cikin keke, Allah ya sa ba ka tada injin ba, aka yayyafa maka ruwa, ka miƙe ka ce yunwa ce. Yunwa? Kai da kake cin tuwon mutum biyu tun kana goye? Sai a bakin maƙwabciya zan ji?

Ka tuna kakanka, wanda aka sa maka sunansa. Yana tsaye cikin shinkafa, lauje a hannu, ya faɗi bai shura ba. Aka ce iskar fadama ce. Muka yarda, muka yi ta turare. Sai da likita ya tambaye ni ko wani ya taɓa mutuwar farat ɗaya a gidanmu, na gane iskar nan cikin jininmu take kwana. Ya ce irin cutar tawa tana bin gida, ɗiyana duka su zo a gwada su. Ƙannenka sun je. Saura kai.

Ni kuwa ɗan fari ba a kiran sunansa, balle mai sunan ubana. Tun haihuwarka “wanga yaro” nake ce maka, in muka haɗu a zaure kowa ya kalli bango. Sai na aiki Baffanka Sani da saƙon. Sani da ko cefane aka aike shi sai ya ƙara labari! Ya je ya ce maka, “Babanka ya ce ka taho a sa maka batir irin nashi.” Ka ce ka ji, daga nan ka ɗauke ƙafa.

To, ga saƙon daga bakin mai shi. Babu mai yanka ka ranar gwaji. Wayoyi za a manna maka a ƙirji, takarda ta fito, likita ya duba. Wataƙila ba komai, wataƙila magani. In ma ta kai ga batir, mi ya ci ni? Ga ni ina cin tuwo ina damun mutane. Amma kana ɗaukar matan mutane da ɗiyansu a bayanka bisa titi, kana da jaririya a ɗaki. Na wanke ubana da hannuna. Ba zan wanke mai sunansa ba don kawai ina jin kunyar in yi masa magana.

Ranar duba ni ta gaba zan zo tasharku in zauna a benci. In ka ɓuya, zan ba abokanka labarin yadda ka yi kuka ranar kaciya.

Allah ya ji ƙan Baba, ya sa ya huta. Allah ya daidaita bugun kowace zuciya da ta rikice. Ya Allah, ka tsare mani Haliru.

Na faɗa, kuma na'urar ba ta buge ni ba. Haliru, ɗauki waya.

Ubanka,
wanda yaran unguwa ke ce ma Baba Mai Batir.