Masu Tsayawa Bakin Fili

Zuwa ga Yaya Hashimu, a Cadawa.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Inna da ciwon ƙafarta? Ya Rahina da yara? Ni lafiya lau nake a Oran, ƙasar Aljeriya. Aikin gini na tafiya. Sanyi ne dai, amma an saba.

Ka ce samarin Fulani na rugar Hamidu ba su son ƙwallo, tunda filin bayan makarantar lakol ba ƙofa gare shi ba, amma sai dai su tsaya gefe da sandunansu. Nan ma akwai fili irin wannan. Duk Juma'a da yamma nakan taka in je in tsaya. Ba wanda ya taɓa korata. Na san sunan kowane ɗan wasa, su ba su san nawa ba. Ba komai, tafiyar ma motsa jiki ce.

Don Allah, in sun dawo daga kiwo, ka je ka kira su da sunayensu, ka raba su cikin ƙungiyoyin biyu.

Kada ka karanta wa Inna tsakiyar takardar nan. Ka ce mata ina buga ƙwallo.

Allah Ya bar zumunci.

Ƙanenka,
Sufyanu