Kwana Uku Bayan Gayyar Surukai

Zuwa ga ƙanena Idi, a Filinge.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka da sauƙi, kai da Hajo da ɗiyanku. Na san ba ka karatun boko, na kuma san ka daɗe da daina ɗaukar wayata. Shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani, wani ɗan ƙasarmu ta Kurfey ya karanta ya kai maka. A gaban mutane na ɓata ka, gara a ji gyaran a gaban mutane.

Ka tuna daminar da zazzaɓi ya kayar da kai. Zazzaɓin ya tafi, ƙarfinka bai dawo ba. Ka yi barci ka tashi kamar wanda ya yini ɗaukar duwatsu. Lokacin ina soja, sojoji ke riƙe da ƙasa, mu kuwa masu kaki muna ganin duk wanda ya ce ya gaji maƙaryaci ne, don haka aka koya mana a bariki.

Na zo hutu na ɗauke ka a motar haya zuwa asibitin Yamai. Tun kafin Baleyara kanka ya faɗo a kafaɗata, na ture shi don kunyar fasinja. Aka ɗebi jininka, aka duba, lokotoro ya ce bai ga komai ba. Bai yi ƙarya ba, abin da ya nema ne bai gani ba. Ni kaɗai na yi lakkwal, wato boko, a gidanmu, sai na riƙa yawo da takardar sakamakon a aljihu kamar hukuncin alƙali.

Sai aka kira gayya a gonar baban Hajo. Ana shirin aurenku, kuma ka san ƙasarmu, saurayin da bai fito gonar surukai ba ya gama zubar da mutuncin gidansu. Ka fito. Ka ɗauki hauya, makaɗi na kiran sunanka, ka wuce kowa a layi. Ka dawo da ƙafarka har kana dariya. Washegari da hantsi ka kasa ɗaga kwaryar fura. Kwana uku kana kwance, ko haske ba ka so.

Ni kuwa na ce na kama ka. A zauren Baba, gaban kawunnanmu, na ce wanda ya iya gonar surukai ya iya ta ubansa. Na ɗaga takardar Yamai. Da bakina aka karɓe gonar fadama daga hannunka aka ba Hamani ɗan kawu, wai kada ta mutu a hannun raggo. Sunan kuwa ya zauna. An gaya mini har yau a kasuwa akwai masu ce wa yaranka ɗiyan raggo.

Gwaggo Tani kaɗai ta tsaya maka, ita da take riƙe da borin gidanmu. Ta ce yaron nan an taɓa shi. Na yi mata dariya, na hana a kira masu goge. Har gobe ban yarda iska ce ba. Amma ita da ba ta san ko harafi ɗaya ba ta yarda kana ciwo, ni mai karatu na ƙaryata ka.

Soja ta sallame ni ba ko sannu. Mulki ya canza hannu sau nawa, ban ƙara amfanar kowa ba. Yau shekaru ke nan ina Faransa, ina tura marasa lafiya a keke cikin wani asibiti. Ba aikin da na yi mafarki ba ne, amma shi ya buɗe mini ido.

Wata mata na tura, malamar makaranta. An sa ta tuƙa keken gwaji, da abin auna numfashi a fuska, aka ce ta dawo washegari ta sake. Ranar farko ta shigo da ƙafarta. Rana ta biyu ni na ɗauko ta daga ƙofa. Na tambayi lokotoron dalilin wahalar da ita sau biyu. Ya ce ciwon gajiya mai daɗewa ne, kuma babbar alamarsa ke nan: mutum ya yi aiki yau, gobe ko jibi jiki ya rushe. Ya ce gwajin jini na yau da kullum yakan fito lafiya lau. Masu bincike na neman sawun ciwon a ƙwayoyin da ke kare jiki, da yadda jiki ke mai da abinci ƙarfi. Sun ga wasu alamu, amma har yanzu babu gwaji guda da kowa ya amince da shi.

Idi, ina jin wannan na tuna da kai. Abin da na kafa hujja da shi a kanka, shi ne shaidarka.

Ba zan ce daga nan lalle ciwonka ke nan ba. Na taɓa yanke maka hukunci da takarda, ba zan ƙara ba. Wataƙila ka mutu, in mutu, ba a samo gwajin ba. Abin da na sani, bai kamata sai jini ya yi magana ba kafin in yarda da ɗan'uwana.

Ban ga laifin Hamani ba, ba shi aka yi, ya kuma riƙe gonar da kyau. Na aika wa kawu Garba, wanda ya rage cikin dattawan ranar, cewa rabona na gonar tudu na ɗiyanka ne. Na roƙe shi ya tara dangi ya faɗa musu kalmar raggo daga bakina ta fito, kuma ƙarya ce.

Bayan girbi zan zo, in Allah ya yarda. Ba na cewa sai ka yafe. Abu guda nake roƙo: in na yi sallama, kada ka yunƙura don ni wanka na shigo. Ka yi kwanciyarka, ni zan zauna a ƙasa.

Allah ya ba ka sauƙin da likitoci suka kasa, ya saka wa Hajo da ta ɗauki abin da na yar, ya jiƙan Gwaggo Tani.

Naka, wanka mai kunyar haɗa ido da kai,
Mamman