Jar Mota a Rumbun Surukina

Zuwa ga Yaya Sule,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin Jos? Mu nan Rano lafiya lau.

Ƙaramar motar nan mai kujera biyu, marar rufi, wadda Baturen gyaɗa ya yar, ta tashi. Na gyara injin a rumfar ƙofar gida, na shafa mata jan fenti, na sa mata hon irin na lori. Birki ne na ce sai daga baya.

Ran Juma'a na ɗauki Baba zuwa Tarai gai da surukina, Malam Idi. Jama'a suka fito kallo, ni kuwa na ƙara wuta. Na taka birki, shiru. Sai cikin rumbun Malam Idi! Dawa ta zubo har kan rawanin Baba.

Ba wanda ya ji rauni. Malam Idi ya ce, "Sannunku da zuwa, ai da kun biyo ta zaure." Baba kuwa har yau bai ce mini uffan ba. Da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi.

Gobe zan koma gina rumbu. Ka sa ni a addu'a, ka kuma rubuto ka ba Baba haƙuri. A gai da kowa.

Ƙaninka,
Garba