Rasuwar Baba Mai Safa, Likitan Shanunmu

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masu Shanun Madara, a madadin Mai Girma Shugaba, dattawan amintattu da reshen matasa, ta samu labarin rasuwar babban likitanta kuma uba a gare ta, wanda yaranmu suka laƙaba wa Baba Mai Safa saboda doguwar safar hannunsa mai kaiwa kafaɗa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kafin zuwan marigayi, duk saniyar da ta haihu ta daɗe ba ta sake ɗaukar ciki ba, juya muke kiranta, mu miƙa wa mahauta. Shi ya zaunar da iyayenmu a rumfar tatsa, ya fahimtar da su cewa idan saniya ta haihu cikin ƙazanta, ƙwayoyin cuta kan shige mahaifarta su zuba dafi, mahaifar ta kumbura, dafin ya bi jini ya hana ƙwan haihuwa nuna da fitowa a kan lokaci. Ko an kai ta ga bijimi, a banza. Yakan ce, “Alhazai, ku daina zagin bijimi, bawan Allah ya yi aikinsa. Ku wanke ɗakin haihuwa.”

Abin da ya fi ci wa ƙungiya rai shi ne daɓen simintin da ya yi ta roƙo a zuba a ɗakin. Sai da ya kwanta jinya aka gama shi, bai taɓa taka shi ba.

Majinyaciyarsa ta ƙarshe ita ce Gimbiya, farar saniyar gidanmu, wadda mahaifina, Shugaban ƙungiya, ya riga ya yi cinikinta da mahauci don ta ƙi ɗaukar ciki. Marigayi ya riƙe igiyarta ya ce, “Yaya, ciwo ta ji, ba ƙi ta yi ba. Wanda ya ji ciwo ba ya saurin sake yarda. Ka ba ta lokaci.” Ya wanke mata mahaifa, ya yi mata allurai, ya ce zai dawo ya duba ko ta ɗauka. Bai samu dawowa ba. Har yau, in ta ji ƙarar babur irin nasa, sai ta ɗaga kai ta dubi ƙofa.

Ƙungiya na sanar da iyalansa cewa an warware cinikin. Ba mu san ko ta ɗauka ba, amma za mu jira kamar yadda ya nema, kuma in Allah ya kawo maraƙi, a kan daɓen nan za a haife shi.

Muna roƙon Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya bai wa Hajiya mai ɗakinsa, ’ya’yansa da jikokinsa juriyar wannan babban rashi.

Dattawa sun ce a tura wannan saƙo ta waya. Hajiya, ban iya magana gaban mutane ba, amma na roƙa a bar ni in kawo miki da hannuna.

Sa hannu:
Autar Shugaba,
Mai Magana da Yawun Reshen Matasa.