Keken Inna Ya Cije

Litinin, 22 ga Agusta, 1983, Gummi
Ranar Asabar Inna za ta Sakkwato, daga can sai Makka. Rigunanta uku ni zan ɗinka, na hana a kai wa tela. Yau keken ɗinki ya ɗiga mai a kan farin yadin. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kwance duk abin da ke kwantuwa, na wanke da omo da toka har ƙarfen ya yi fes.

Talata, 23
Ruwa tun safe. Keken na kuka kamar ƙofar rumbu.

Laraba, 24
Ya cije. Tsatsa ja a ƙarƙashin allura, kwana biyu kacal! Riga ɗaya ma ban gama ba. Inna ta ce a kira Yaya Namadi, tunda shi ke gyaran injin niƙa. Na yi kamar ban ji ba. Shekara guda ke nan ba ma magana, tun faɗanmu a kan gyaran ɗakinta, kuma ba ni zan fara ba. Na zauna, na tashi, na share tsakar gida sau biyu.

Alhamis, 25
Inna ta aika da kanta. Ya shigo, keken ya fara duba kafin ni.
"Baraka, mi kinka yi mai?"
Na ce wankewa na yi.
"Kin tuɓe shi tsirara dai."
Ya shafa wa almakashina mai, ya goge da tsumma har na rantse babu saura, ya zuba ruwa. Ruwan ya dunƙule ya gangare. Wai man da ke aiki ba wanda ido ke gani ba ne. Wani siriri ne da ke kama jikin ƙarfe ya jeru sahu-sahu, wani bisa wani, shi ke hana ƙarfe cin ɗan'uwansa. Sauran ne ke ɓata yadi. Ya kankare tsatsar, ya sa ɗigon mai ɗaya a kowace gaɓa, ya goge. Keken ya tafi sumul. Ban yi godiya ba, ruwa kawai na kawo masa.

Juma'a, 26
Riguna uku cif. Bayana kamar zai karye.

Asabar, 27
Inna ta tafi sanye da ta farkon. Na yi kuka a tasha, Yaya ma ya juya baya. Da za mu rabu na ce, "Yaya, keken nan fa ya soma wata 'yar ƙara." Ya ce zai biyo gobe bayan la'asar.
Lafiyar keken ƙalau.